Dramane Mai Bakin Gambo

Idan ka shiga Zongon Kwatano ka tambayi Dramane mai aski, za a ce maka wanne, don masu askin da yawa. Ka ce Dramane mai bakin Gambo, ko ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da ya zo garin jiya zai sauke ka a ƙofar. Ni maƙwabcinsa ne tun muna samari, kuma gara in faɗa tun yanzu, askinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Baki ne ya riƙe masa mutane.

Gambo ɗan leƙen asiri ne a wani fim na Turawa da ake fitarwa kashi-kashi tun kafin mu yi aure. Sunansa na ainihi yana karya harshe, shi ya sa Dramane ya raɗa masa Gambo, sunan kuwa ya bi shi. Fim ɗin da Faransanci yake iso mana, masu kallo kuma yawancinsu fataken shanu ne daga arewa da Nijar, waɗanda Faransancinsu bai wuce na gaisawa da ɗan sanda a hanya ba. Saboda haka duk Lahadi bayan la'asar, a rumfar da ke bayan shagonsa, Dramane kan tsaya gefen tele yana mayar da magana Hausa. Karatun lakol ɗinsa, wato boko, bai yi nisa ba. Abin da ya ji ya faɗa, abin da ya wuce shi ya cike da nasa.

A irin wannan cike-ciken ne ya yi wa Gambo asali. A wani tsohon kashi, an nuna shi yana ratsa kasuwar hamada, ya ɗan rusuna wa wani dattijo mai rawani. Dramane bai ji abin da suka ce ba, sai ya sanar da jama'a cewa wannan dattijon bafataken shanu ne, shi ya riƙe Gambo tun yana maraya, kuma a kara, kasuwar shanu, ya koya masa gane maƙaryaci da kallo ɗaya. Rumfa ta ɗauki sowa. Daga ranar Gambo ya zama namu. In ya ƙi cin abincin maƙiya, to tarbiyyar gida ce. In ya ja ciniki da ɗan ta'adda, sai Alhaji Yaƙubu, babban dillali a karar hanyar Sèmè, ya gyaɗa kai ya ce jinin sana'a ba ya ɓoyuwa.

Sai fim ya tsaya cak. Ridwane, wanda ke sayar da kayan waya a Jonquet, shi ne mai karanto mana labari a portabul ɗinsa, wato wayar hannu. Da farko jarumin ya karye a ƙafa wajen ɗaukar fim. Kafin ya warke darakta ya yi faɗa da masu kamfanin ya tafi. Aka kori marubuci, aka ɗauko wani, shi ma aka kora. Shekaru suka yi ta wucewa, mu kuma muka mayar da jira sana'a. Wasu na cewa jarumin ya tsufa, gwiwarsa ba ta hawa bene balle rufin jirgin ƙasa. Alhaji Yaƙubu ya ce duk wanda ya taɓa masa Gambo ya taɓa shi. Rahinatou, matar Dramane, da ke kawo mana shayi, ta ce a ba mace aikin a huta, don ita a Zongo babu asirin da ke kwana bai zo kunnenta ba. Dramane na tsakiya yana raba gardama kamar alƙali, almakashi a hannu, kan wanda yake yi wa aski a ajiye rabi.

Wata safiya Ridwane ya shigo da murna ya ce an gama fim, kuma wannan karon ƙuruciyar Gambo za a nuna, tun daga gidan da ya tashi.

Kowa ya yi farin ciki, ban da mutum ɗaya. Na ga almakashi ya tsaya a hannun Dramane. Da mutane suka watse ya ce mini, "Maƙwabci, in suka nuna gidan ba saniya ko ɗaya, da wane ido zan kalli Alhaji? Wa zai ƙara zama ya saurare ni?" Na so in yi masa dariya, amma tausayinsa ya kama ni. Mutumin nan ba ya da gona, ba ya da mota, yammacin Lahadin nan shi ne abin da yake taƙama da shi a duniya. Har Rahinatou ta kawo mini ƙara cewa yana barin tuwo a kwano.

Ranar da za a kalla, rumfa ta cika har bakin titi. Fatake sun bar kara da wuri, wasu sun zo da kujeru daga gida. Dramane ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tsaya gefen tele kamar wanda aka kira gaban hukuma.

Fim ya buɗe da wani ƙaton gidan dutse a ƙasar sanyi, ko'ina fari fat da ƙanƙara. Ga wani yaro Bature cikin kwat, ga malamai masu tabarau. Babu rawani, babu ko ƙahon saniya. Yaron ya yi magana, malami ya amsa, Dramane ya ƙura wa tele ido kawai. Tun da nake ban taɓa jin muryar tele ita kaɗai a rumfar nan ba sai ranar.

Alhaji Yaƙubu ya yi gyaran murya. "Ridwane, wa ka ce ya rubuta wannan?"

"Sabon marubucin ne, Alhaji. Na ukun."

"Bon, ai shi ya sa," in ji Alhaji. "Yaro ne, bai tarar da labarin ba. Sun kori waɗanda suka sani, sun ɗauko wanda bai taɓa shiga kara ba." Ya juya ya dubi jama'a, aka yi ta gyaɗa kai, wani daga baya ya ce dama tun da darakta ya tafi ya san za a ɓata. Ni dai na ga dariya a gefen idon Alhaji, amma ban tambaye shi ba, har yau.

"Rage masa murya," ya ce wa Ridwane. Sannan ya nuna Dramane da carbinsa. "Kai kuma Malam Dramane, mun baro shanunmu ne don mu ji ka. Faɗa mana yadda aka yi."

Dramane ya dubi tele, ya dubi mutane. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa idona. Ya gyara wuyan rigarsa, ya matsa kusa da gilashin, ya ɗora yatsa a kan farin filin nan.

"To jama'a, ku natsu," ya ce. "Wannan farin da kuke gani auduga ce. Lokacin cirarta ne a Kandi, tsohon ya tafi da shanu mashaya, yanzu zai dawo."

Alhaji Yaƙubu ya miƙa wa Rahinatou kofinsa ta ƙara masa shayi, ya gyara zama.