Tantabaruna Da Numfashin Matata

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina sayar da taya a bakin titin Kano zuwa Maiduguri, gidana kuma yana Bolewa a nan Potiskum. Duk unguwa an san ni da kiwon tantabara. Daga mahaifina na gaji abin, kuma akurkinsu ya cinye kusan rabin tsakar gidanmu. Nawa dai watsa gero ne da kallo idan na dawo daga kasuwa. Mai share kashinsu da gashinsu kowace safiya matata ce, Babarbariya mai yawan raha, wadda takan ce mutum ɗaya ta aura amma baki ɗari take yi wa hidima.

Tari ya fara mata a hankali, busasshe. Na yi ta sayo magani a kemis, ba sauƙi. Daga baya ko bokiti ta ɗauko daga famfo zuwa madafi sai ta tsaya tana haki. A asibitin garinmu aka gwada kakinta sau biyu, aka ce ba tarin fuka ba ne, aka tura mu wani babban asibiti a Kano. Can aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka zura siririn bututu aka ɗebo ruwa daga huhunta. Likitar, wata mata mai haƙuri, ta zana mana bayani a takarda. Ta ce a cikin huhu akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu haɗiye duk dattin da mutum ya shaƙa, suna kuma fitar da wasu sinadarai masu narkar da shi. Amma idan wani abu yana tsokanar su kullum, sai sinadaran su yi yawa har su taɓa naman huhun kansa, wurin ya warke da tabo, huhu ya taurare. Sai ta tambaya ko muna kiwon tsuntsaye a gida.

Nan na yi kuskuren da har gobe nake jin nauyinsa. Kafin matata ta buɗe baki na riga ta, na ce ba mu da wani kiwo sai 'yan kaji biyu. Na ji a jikina inda tambayar ta dosa, kuma ban shirya rabuwa da tantabaruna ba. Na lallashi kaina cewa magani zai wadatar. Matata ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ba ta ce komai ba.

Wata huɗu tana shan magani tana kuma shiga akurki da tsintsiya. Wata rana na dawo da la'asar na tarar tana salla a zaune, Fatiha ma sai ta yanka ta gida-gida saboda numfashi, leɓɓanta sun yi duhu. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. Washegari muka hau motar Kano, na faɗa wa likitar gaskiya kaina a ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ƙurar gashin tantabara da busasshen kashinsu ne ke harzuƙa ƙwayoyin, ba kowa take yi wa haka ba, amma ga wanda jikinsa bai ɗauka ba, tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa.

A hanyar dawowa na tambaye ta dalilin shirunta tun farko. Ta ce ba za ta ƙaryata baban 'ya'yanta a gaban baƙuwa ba, kuma tana son ganin yadda fuskata ke washewa idan tantabarun suka tashi sama. Na juya wajen taga don kada fasinjoji su ga hawayena.

Na kai ta gidan mahaifiyarta, na kwashe tantabarun zuwa gonar wani abokina a Mamudo, na rushe akurkin, na wanke gidan tas kafin ta dawo. Alhamdu lillahi ciwon ya tsaya inda yake, sai dai har yau idan muna tafiya tare nakan rage sauri, ita kuma ta yi kamar ba ta lura ba. Ita ce ma ke tura ni Mamudo ranar Juma'a in gano tantabarun, da sharaɗin in yi wanka in sauya kaya kafin in shigo mata.

Na rubuto ne saboda masu kiwo irina da masu raka mara lafiya asibiti. Tarin da ya daɗe tare da haki ba na kemis ba ne. Idan likita ya yi tambaya, ku bar mai ciwon ya amsa da bakinsa, kuma kada ku rage komai. Ni jimla ɗaya na faɗa don in tsira da abin da nake so, matata ce kuma ke biyanta da kowane numfashi.