Langar Inna Da Ba Mu Mayar Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan ɗauko biro in zauna a gaban keken ɗinkina, sai zuciyata ta ce, ke da iyakarki firamare, wa ya aike ki sa baki a maganar Allah? In kika faɗi abin da ba daidai ba, wani ya karanta ya yi tuntuɓe, alhakin a wuyan wa? Sai in ajiye biron. Ko yanzu da nake rubutun ban tabbata daidai nake yi ba. In na yi kuskure, masu sani su gyara mini, kada su yi fushi.

Wata tsohuwar langa ce ta tura ni. Bayan rasuwar mahaifiyata muna kwashe kayan ɗakinta, na jawo ta daga ƙarƙashin gado, shuɗiya mai farin baki, gefenta ya ɓantare, murfinta ya lotsa. Da na kifa ta na ga ɗigon jan fenti a gindinta. Ba tamu ba ce. Na kuwa san mai ita.

A wani ƙauye kusa da Kebbe na yi wayo, inda aka tura mahaifina aikin ɗakin shan magani. Mu baƙi ne, daga ƙasar Zuru iyayena suka fito. Kiristan garin gaba ɗaya ba mu cika ɗaki guda ba: gidanmu, da iyalin wani malamin makaranta, da tsohon mai bishara da matarsa. Ɗakin sujadarmu na laka ne da rufin kwano. Da damina in ruwa ya tsinke ba a jin wa'azi, sai dai ka ga bakin mai bishara yana motsi.

Darni ne kawai ya raba gidanmu da na ladanin garin. Uwarsa tsohuwa ce mai sayar da daddawa, duk unguwa Inna ake ce mata. Ita da kakata, uwar mahaifina, jininsu ya haɗu tun ranar da muka sauka. Kaka tana kiranta mai warin kalwa, ita kuma tana kiran Kaka 'yar duwatsu, saboda duwatsun Zuru. Da hantsi sukan zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida suna ɓare gyaɗa suna tsiya, in lokacin salla ya yi Inna ta tashi, Kaka ta tsare mata faifanta daga kaji. Ban taɓa jin sun yi gardama a kan addini ba.

Tsakanin gidajen nan biyu akwai ciyayya. Duk abin da aka dafa a wannan gida sai an zuba a langa an miƙa wancan. Ni ce mai kaiwa da karɓowa. Har yau in na ji ƙamshin miyar sure da daddawa, ina jin zafin gindin langar Inna a tafin hannuna. Kaka kuwa tana da doka guda da ba ta sassautawa: ba a mayar da langar mutane wayam. In ba mu yi girki ba, a sa gyaɗa. In babu gyaɗa, ko kuɓewa ce a tsinko a bayan ɗaki. Wata rana na manta na miƙa langar haka, Kaka ta biyo ni har bakin darni ta karɓe ta.

"Mu ba mabarata ba ne," in ji ta. "Hannun da ya karɓa ya san abin da zai mayar."

Akwai wani abu na Kaka da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mai bishara ba ya ba da Jibin Ubangiji, sai fasto ya zo daga Tambuwal a kan babur, jefi-jefi, in hanya ta yi kyau. Ranar sai kowa ya sa tufafinsa masu kyau. Matar mai bishara ta yanka burodi ƙanana-ƙanana, ta tace ruwan soɓo a ƙananan kofuna, a rufe da farin ƙyalle. Kafin a raba, fasto yakan karanta gargaɗin nan cewa kowa ya binciki kansa, kada ya ci da rashin cancanta. Da ya kai wurin, sai Kaka ta tashi a hankali ta fita, ta zauna a inuwa har a gama. An yi mata baftisma, ba ta ƙarƙashin horon coci, kullum ita ce farkon zuwa sujada, ita ke share ɗakin. Amma ba ta taɓa miƙa hannu ba.

Na tambaye ta sau ɗaya muna komawa gida. Ta ce, "Da tsufana na zo wurin Ubangiji. Ƙarfina duk na ƙarar da shi a wani wuri. Ya ba da jininsa, ni me zan sa masa a langa?"

Ba ta faɗi abin da ta yi a da ba, ni ma ban sake tambaya ba. Amma maganar ta shige ni kamar yadda mai yake shiga zane.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Gonar da aka ara mana ta bushe a tsaye. Mahaifina kuma ya kwanta ciwo mai tsawo, mahaifiyata ta tafi jinyarsa asibitin Tambuwal, aka bar ni da ƙannena a hannun Kaka. Kafin wata damina ta yi nisa rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye. Tafasa muke ci da rama, mu kora da ruwa.

Langar Inna ba ta fasa zuwa ba. Su ma ba wadata gare su ba, tuwon ya ragu, miyar ta tsinke, amma kullum sai jikanta ya miƙo ta kan darni. Kaka ta raba mana, ita ta ce ta ƙoshi. Ta wanke langar da toka, ta duba ɗaki, ta duba bayan ɗaki, babu abin sawa. Sai ta tura ta ƙarƙashin gado, wai sai gobe in Allah ya kawo wani abu. Gobe wata langar ta zo, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kaka ta daina fita gindin tsamiya. In za ta aike ni rijiya sai ta ce in zagaya ta bayan gari, kada in haɗu da Inna. Ni ma na koyi sunkuyar da kai in na hango ta, kamar mun yi mata sata.

Wata rana da hantsi muka ji sallama, kafin a amsa Inna ta shigo tana dogara sanda.

"Ke 'yar duwatsu, kasuwar langa kika buɗe ba ki gaya min ba? Jiya a murfin tukunya na zuba ma ɗana tuwo. Ladanin gari guda!"

Kaka ta shimfiɗa mata tabarma ba ta ɗaga ido ba. Da kyar ta ce, "Inna, ba ni da abin da zan sa a ciki."

"To wa ya tambaye ki? Ni makauniya ta? Ban ga rumbunku ba? Don na san babu nika aikowa. Da akwai, mi zai sa in wahal da kaina da wagga ƙafa tawa?"

Hawaye ya bi tsagar fuskar Kaka.

"Ji min tsohuwa da girman kai," in ji Inna. "In kin riƙe langa, gobe a mi za ni zuba miki? A tafin hannu? Ke ɗiya, shiga ki kwaso min kayana."

Na shiga na jawo su. Na ɗora su a kai na bi Inna, suna ƙara a kan hanya, kowa ya ji ya san babu komai a ciki. Ban taɓa ɗaukar kaya marar nauyi da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. Da yamma langar ta dawo da hoce da miyar kuka, Inna ta leƙo ta kan darni ta tsaya har sai da ta ga Kaka ta kai loma bakinta.

Labarin ya kai kunnen mai bishara, don matarsa ba ta riƙe magana. Ya zo gaishe mu, ya zauna a kan turmi, ya yi ta dariya har da tari. Da ya natsu sai ya ce, "Mama, abin da nake ta faɗa miki shekara da shekaru, ga uwar ladan ta faɗa miki a zama ɗaya. Ceto ba ciyayya ba ne. Kyauta ce. Wanda ya ga ya cancanta, ba shi aka dafa wa ba."

Kaka ta girgiza kai. "Malam, Inna mutum ce. Rumbuna ta gani, ba ta ga cikina ba. Shi Ubangiji ya san abin da ke ciki."

"Ya sani tun kafin ya aiko," in ji shi.

Da lokacin girbi ya yi aka kawo ni Tambuwal wurin gwaggona don in ƙarasa firamare. Ina can Kaka ta rasu, ba da daɗewa ba kuma aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki, aka kwashe kaya a gurguje. Ina jin a nan ne langar nan ta biyo mu. Ko fasto ya sake zuwa kafin rasuwarta, ko ta zauna, ko ta miƙa hannu, ban sani ba. Mahaifiyata ta ce ba ta tuna ba.

Abin da na sani shi ne ni na gaje ta. An yi mini baftisma tun ina budurwa, amma zan iya tuna lokutan da na karɓi Jibin Ubangiji, don ba su da yawa. Da ma ina da wani babban laifi guda da zan nuna in ce ga shi, da na kai wa fasto an yi addu'a an wuce wurin. Ba haka ba ne. Ƙananan abubuwa ne da ba sa ƙarewa. Na yi wa yaro tsawa fiye da laifinsa. Na ji daɗi a ɓoye da ɗinkin wata ya lalace. Ina addu'a hankalina ya tafi kan zaren da ya ƙare. In na roƙi gafara sai in ce anya da gaske na tuba, ko tsoro ne kawai? Sai in sake roƙon, in kuma roƙi gafarar roƙon farko. Ranar Jibi, da an fara karanta gargaɗin nan, sai in ji kamar da sunana aka rubuta shi. Ni ba na fita waje kamar Kaka, kunya ba ta barina. Nakan sunkuyar da kai kamar mai addu'a har tiren ya wuce.

Na ji koyarwar sau ba adadi. Fastonmu ya zaunar da ni ya ce gargaɗin ba don ya kori mai jin nauyin zunubinsa ba ne, don mai wasa da abin ne. Ya ce da za mu iya biya, da ba a je gicciye ba. Kaina ya yarda. Hannuna ne ya ƙi.

Da ni kaɗai ce da na ci gaba da zama haka. Amma 'yata ta fari an yi mata baftisma bara, yarinya mai fara'a, mai son waƙa. A Jibin da ya wuce tana zaune kusa da ni. Na saci kallonta, sai na ga ta sunkuyar da kai daidai yadda nake yi, tiren ya wuce ta. A hanya na tambaye ta. Ta ce, "Mama, in ke ba ki isa ba, ni wace ce?"

Ban iya cin abinci ba ranar. Ban taɓa gaya mata komai ba, kamar yadda Kaka ba ta taɓa cewa in bi ta ba. A satin ne kuma langar ta fito daga ƙarƙashin gado.

Yanzu zamani ya canza. Katangar bulo ta maye darni, abinci a kula ake aikawa ko a leda, ledar kuwa ba mai jiran a mayar masa. 'Ya'yana ba su san ciyayya ba balle dokarta. Duk da haka na zaunar da 'yar tawa na ba ta labarin nan daga farko har ƙarshe, langar tana tsakaninmu. Na ce mata Jibi mai zuwa za mu zauna a layin gaba, inda ba wurin ɓuya, in ta ga zan janye hannu ta riƙe mini gwiwar hannu. Ta ce to. Har yau ban janye maganar ba.

Saura langar. Na san Inna ta daɗe da rasuwa, kuma hanyar Kebbe ta zama yadda kuka sani saboda rashin tsaro, ban san ko iyalinta suna nan ko sun tashi ba. Shi ya sa nake roƙon masu karatu. Duk wanda ya san zuriyar wani ladan a ƙauyukan Kebbe, wanda gidansa yake bayan tsohon ɗakin shan magani, da tsamiya a ƙofar gida, uwarsa mai daddawa ce tana sa wa kwanukanta ɗigon jan fenti, don Allah ya aiko da labari ta hannun waɗanda suka buga wannan. In kuma akwai wanda ya san iyalin mai bisharar nan, ina so in ji ko Kaka ta miƙa hannu kafin ta tafi.

Tun da na wanke langar nake lissafin abin da zan sa a ciki in na sami masu ita. Na sa sabulu na cire. Na sa turare da goro na cire. Jiya har na fara yanka atamfa, 'yata ta shigo ta dube ni ta dubi langar, ta ce, "Mama, Inna ta ce wa ya tambaye ki?"

Na ninke atamfar na mayar. Langar tana nan a kan keken ɗinkina, a wanke, babu komai a ciki. Ku taimake ni da labari in kai ta haka, tun kafin zuciyata ta sake sa ni in cika ta.