Shayin Baba Guduma

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga wannan wata, mai gadin filin wasa ya kira ni a waya ya ce Baba Guduma ya rasu. Ya yanke jiki ya faɗi ne a ƙofar ɗakinsa na aiki, makulli na hannunsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na ajiye almakashi, na zauna a kan benci, har yamma ban sake taka keken ɗinki ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai yi mana tausa, mu 'yan gudun fanfalaki. Mu muka raɗa masa Guduma saboda manyan yatsunsa biyu, ya kuma karɓi sunan da dariya. Ɗakinsa na ƙarƙashin matakalar 'yan kallo: gado ɗaya mai yagaggiyar fata, bokitin ƙanƙara, fankar da wuyanta ya daina juyawa, da warin man zafi da ke bin mutum har gida.

Baba, ba zan manta ranar da na fara shiga ɗakin nan ba. Na gama tserena na farko ke nan, ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi, na zube a gadonka na ce ka murza da ƙarfi. Ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Tela, naman da ya yi fushi ba a yi masa gardama. Bari ya huce." Ka sa na jingina ƙafafu a bango, ka ba ni ruwa, ka shafa sha-raɓata a hankali kamar mai lallashin jariri, ka ce in dawo bayan kwana biyu. Na fita ina cewa a raina wannan tsoho ragon ma'aikaci ne. Da na dawo na gane dalilin sunan. Wani malamin makaranta da ke jiran layi ya ji ihuna, ya ɗauki takalminsa zai sulale, ka ce masa, "Zauna, Malam, kai ma za ka kira babarka."

Ba ka taɓa tambayarmu inda ke ciwo ba, don ka ce ɗan gudu ba ya faɗin gaskiya a kan ƙafarsa. Yatsanka ke bin jijiya daga cinya har diddige, inda ya tsaya nan ne ciwon. In ka gama, ka gamsu, sai ka ɗaka wa tafin ƙafa duka ɗaya ka ce, "Tashi, ta haƙura." Wannan dukan shi ne izininmu na komawa kan hanya. Na ga magidanta masu furfura suna murna da shi kamar yaran da aka saya wa sabuwar riga.

Amma akwai abin da muke tsoro fiye da yatsunka, wato shayin gidanka. In ka ga ƙafar mutum ta ƙare, ba ka faɗa masa a ɗakin tausa. Kakan ce, "Ba a gaya wa mutum ƙarshensa yana kwance rub da ciki." Sai ka kai shi gida, ka zaunar da shi a kujera, matarka Inna ta kawo shayi, sannan ka gaya masa ido da ido. Haka ka yi wa Dogo, wanda duk cikinmu babu mai ganin ƙurarsa. Ka bar shi ya yi kukansa, ka raka shi har bakin titi, bayan haka ka shekara kana leƙa shi a shagonsa. Daga nan muka mai da abin wasa. In muna tsokanar juna sai mu ce, "Allah ya raba ka da shayin Baba."

A tseren watan jiya, ana dab da ƙarasawa, na ji wani abu ya ja a agarata ta dama. Na ƙarasa da ɗingishi. Ni kuwa gudun nan ba cinsa nake yi ba, ban taɓa zuwa ko na hamsin ba. Wuni nake a sunkuye a kan yadin mutane, ina sauraron ƙorafinsu a kan wuya da hannu, a kan hanya ne kaɗai nake jin ƙirjina ya buɗe. In aka raba ni da shi, ban san me zai tashe ni da safe ba.

Na yi ta zuwa wajenka. Zuwana na ƙarshe, ranar Litinin, ka daɗe a kan ƙafar fiye da kullum, ba tsokana, ba labari. Ina kwance ina jiran dukan nan, har na miƙa maka tafin ƙafa. Sai na ji ka lulluɓe ta da tawul. Ka ce, "Ka dawo ranar Alhamis, mu sake magana da ita." Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu, na ce ai wanda ya ce a dawo bai cire rai ba.

Ranar Alhamis ɗin kuwa a gidanka ta same ni, cikin masu gaisuwa. Ban taɓa shiga gidan ba sai ranar. Da mutane suka ragu, Inna ta aiko a kira mata tela. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta nuna mini kujera, ta miƙo mini kofi yana tururi.

"Sha, ɗana," in ji ta. "Tun ran Litinin ya ce in tanadi madara, wai yau zai zo da kai. A daren ranar ko abinci bai ci ba."

Na sha, Baba, har na ga gindin kofin. Ka isar da saƙonka yadda ka saba, ina zaune, ba a kwance ba. Sai dai babu wanda ya raka ni bakin titi, babu kuma wanda zai leƙo ni a shago. An ce akwai likitoci masu na'urori a wani wuri, in je su duba ƙafar. Ba zan je ba. Yatsanka bai taɓa yi mini ƙarya ba, ba kuma zan nemi wanda zai ƙaryata ka bayan ranka ba. Takalmana na ƙarƙashin teburin yanka, ban ba kowa ba, ban kuma sake ɗaura su ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da duk wanda ya taɓa yin ihu a kan gadon nan. Allah Ya jiƙanka, Baba Guduma, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Hannuwan da suka ƙare wajen sauke wa mutane gajiya, Allah Ya hutar da su a Aljanna. Ya ba Inna haƙurin zama a gidan da babu kai. Mu kuma da ka bari, masu gudu da waɗanda suka sha shayi, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.