Gyaran da Ya Hana Sabulunmu Daskarewa

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma safiyar da na buɗe akwatunan sabulu a wani ƙauye kusa da Bibemi na tarar da mai kwance a kansu, wannan kam ba na jin zan taɓa mantawa da ita.

Lokacin ban daɗe da gama karatun sinadarai a jami'a ba. Wata ƙungiya da ke Garwa ta tura ni in koya wa matan ƙauyen yin sabulu da man gyaɗar da suke matsewa. Ni 'yar Kuseri ce, da Hausa da Larabcin Shuwa da Faransanci na tashi, Fulatancina bai wuce gaisuwa da godiya ba. Mutum ɗaya ce ke jin Hausa sosai a cikinsu, shugabarsu, wata dattijuwa da ta yi zama a Garwa, kowa Dada yake ce mata. Ni kuma suka sa mini Madam Shimi, saboda "shimi" ake kiran karatun nawa da Faransanci. Da yamma in suna hira a gindin darbejiya, ina jiyo dariyarsu daga ɗakina, in yi ta tunanin ko da ni suke. Wataƙila ba da ni ba ne. Amma ban taɓa fita na zauna ba, don ina tsoron in zauna kowa ya yi shiru.

Aikin sabulu ba shi da wuya a baki. Mai ne da soda mai ƙuna, kowane kilo na mai yana da rabonsa na soda. Duk wanda ya riga ƙarewa a cikinsu, shi ke tsayar da aikin, komai yawan ɗayan. A makaranta "réactif limitant" muke ce masa. A sabulu so ake sodar ta riga ƙarewa, mai ya ɗan yi saura kaɗan, domin in soda ce ta rage, sabulun zai ci fatar mutum. Ni da tsorona, na ƙara rage sodar a lissafi, na ce gara hakan da in ƙona hannun wata.

Man da za a zuba shi ne kusan duk abin da matan suka tara tun girbin gyaɗa, wasu ma sun rage na miya don su kawo. Sikelina ƙarami ne, ba zai ɗauki ganga ba, sai na auna nauyin kwano ɗaya na mai, na ce kowace mace ta zuba kwano biyu. Na ninka, na sake ninkawa, na fitar da sodar da ake bukata, wadda ta cinye kusan duk abin da na zo da shi. Daga nan na koma bayan katanga ni kaɗai ina narkar da ita a ruwa saboda tururinta, su kuma suna can suna zuba mai suna shewa. Muka haɗa, muka juya har ya yi kauri, ko da yake ya ɗauki lokaci fiye da yadda na sani. Na ce a raina ƙila zafin gari ne. Muka juye shi a akwatuna don ya daskare.

Da muka buɗe akwatunan bayan kwana biyu, abin da na gani kamar fate ne, mai yana ƙyalli a sama. Na danna yatsa ya nutse. Wata mata ta faɗi wata magana da Fulatanci, babu wadda ta yi dariya.

"Dada, me ta ce?"

"Ta ce da a miya ta zuba manta, da yau yaranta sun lashe kwano," in ji Dada. "Madam Shimi, gaya mini gaskiya, man nan ya tafi ke nan?"

Na ce ban sani ba tukuna. Na shige ɗaki na sake bin lissafin, ban ga kuskure ba. Na ɗauki waya zan kira mahaifiyata, na ajiye, don ban san abin da zan ce mata ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba: garin cike da mutane, ni kuma ba ni da wanda zan ce wa "zo ki duba mini".

Da la'asar Dada ta shigo da kunun gyaɗa, ta zauna bakin tabarma.

"Abin ya ɗaure mini kai, 'yata," ta ce. "Mu da muka yi miki gyara don sabulun ya yi auki."

"Gyara?"

"To, a ina kika ga an auna abu an miƙa shi haka tsurarsa? Kowa ta zuba kwanonta ta ɗora ludayi. Wata ma ludayi biyu ta ɗora. Ni kuwa na juye ragowar galan ɗina. Muka ce yarinyar nan baƙuwa ce, ba ta magana, kullum fuska kamar an aiko mata da rasuwa, bari aikinta na farko ya yi yawa, manyanta na Garwa su yaba mata."

Na rasa ko kuka zan yi ko dariya. Ni da na tashi a gidan 'yan kasuwa, na sha ganin mahaifina yana ɗora gyara a kan mudu, amma ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa za a yi wa ganga gyara. Na ce, "Dada, in tela zarensa ya ƙare, kika ƙaro masa yadi, riga za ta ƙaru?"

Ta dafe kai. "Wayyo! Sodar ce zaren."

"Ita ce. Ta ƙare, man da kuka ƙara bai sami abokin haɗuwa ba. Ina jin za a iya ceto shi, amma sai na san yawan gyaran. In na ƙara soda da ka, za ta iya yin yawa."

"To sai ki fito ki tambaye su. Ba a ɗaki suke ba."

Ranar na fara zama a gindin darbejiyar nan. Aka kawo ludayin na auna cikinsa, Dada tana fassara, kowace tana faɗin abin da ta ɗora. Wata ta rantse ɗaya ta zuba, ƙawarta ta ce ƙarya take, uku ne, ita ta riƙe mata kwanon. Aka fashe da dariya, karon farko da na san dalilin dariyarsu. Duk inda aka yi gardama, ƙaramin adadi na ɗauka, don har yanzu so nake sodar ta riga ƙarewa.

Washegari na hau babur zuwa Garwa na sayo soda. Muka mayar da faten a ganga, muka ɗora a wuta, na zuba ruwan sodar kaɗan kaɗan. Da ya huce ya daskare, na yanki ɗan guntu na taɓa da harshe kamar yadda masu sana'ar ke yi. Bai cije ni ba.

Abin da muka samu bai kai abin da takarda ta nuna ba. Wani ya manne a ganga, wani ya ƙone a gindi, launin ma ya yi duhu. Amma sabulu ne, yana kumfa, kuma bayan ya sha iska an kai shi kasuwar Bibemi. Ranar da aka raba, Dada ta ba ni rabona, sai matar nan da ta yi maganar miya ta ɗora mini guda ɗaya a kai. Da Hausarta mai tsami ta ce, "Gyara. Wannan ba ya ɓata komai?"

Na ce ba ya ɓatawa.

Yau ina koyar da ɗalibai a Garwa, kuma duk shekara in mun zo wannan darasi nakan gaya musu cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke yawan abin da za a samu. A ƙauyen nan lissafi ya ishe ni, alheri ya ishe su har ya yi yawa. Abin da ya yi mana kaɗan shi ne zama tare da tambayar juna. Tun daga nan, kafin in auna komai, sai na fara zama da masu zubawa na ji yadda suke awo.