Reshen Harira na Ingila

Duk wanda ya shiga layinsu a Kurmin Mashi, hancinsa ne zai kai shi gidan Harira. Turaren wuta take haɗawa tun tana amarya. Da shi ta yi wa 'ya'yanta mata biyu kayan ɗaki, da shi ta sha fitar da keke napep ɗin mijinta Yahya daga hannun bakanike. Ba ta iya dogon wa'azi ba. Abu ɗaya ta sani, mace ba ta zama babu sana'a. Babbar 'yarta zoɓo take yi, mai bi mata kitso.

Sai ga autarta Ummulkhairi ta samu tallafin ƙaro karatu a Ingila, fannin lafiya. Harira ta yi rawa a tsakar gida har ɗankwalinta ya faɗa cikin kaskon turare. Da ta huce ta tambaya, "To Auta, can me za ki riƙa saidawa?"

Yarinya ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta isa Ingila ta buɗe akwati, ta tarar an rage mata kayan sanyi an jera kwalaben turare.

Harira ba ta tsaya nan ba. Duk mai tafiya Ingila da ta ji labarinsa sai ta ɗora masa ƙullin turare ya kai wa Auta. Ta sa Elisha mai fenti ya rubuta mata allo, ta kafa a ƙofar gida: Harira Turaren Wuta, Kurmin Mashi da Ingila. Ta ɗauki hotonsa ta baza a waya, da lambar Auta a ƙasa. Hajiyoyin Unguwar Rimi masu 'yan'uwa a can suka fara tura musu hoton. Kwanakin nan ko tafiyar Harira ta canza.

Wata safiya tana soya icen turare Auta ta kira.

"Umma, don Allah ki cire lambata. Mutane sai kirana suke wai nawa kwalba."

"To ki faɗa musu mana."

"Bizata ta ɗalibai ce. An yarda in yi aiki a ƙarƙashin wani, 'yan awoyi a sati. Amma sana'ar kaina haramun ce. In aka gano ina ciniki za su iya soke bizar, in dawo gida ba takardar digiri."

"Wace irin ƙasa ce ake hana mutum neman na kansa? Ki ce musu ni na ɗauke ki aiki."

"Umma, ke da ko a Kaduna ba ki da rajista."

Yahya yana gefe yana shan koko, ya ƙware don dariya. "Ranki ya daɗe shugabar kamfani, an rufe reshe ke nan?"

"Kai dai je ka gyara birkinka."

Ba ta ƙara musu ba. Ta jawo turmi ta hau, ta sauke allon da hannunta, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta goge hoton, ta bi hajiyoyin ɗaya bayan ɗaya ta ce kuskure ne, kada wanda ya sake kiran yarinya. Sannan ta koma kan Auta.

"Kwalaben fa?"

"Rabarwa zan yi, Umma. Kyauta."

Harira ta sauke icen da ya fara ƙauri a wuta. Ita da ko ƙanwarta sai ta biya.

"Rabar," in ji ta. "Amma ki ce na Harira ne."

Auta ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, iya awoyin da aka yarje mata. Harira ta daina zancen Ingila. In maƙwabta suka tsokane ta ina allo, sai ta ce fenti ne bai bushe ba. Haka ta riƙa faɗa har damina ta zo ta wuce.

Da Auta ta gama karatu ta nemi bizar da ake ba waɗanda suka kammala, wadda ta halatta aiki cikakke har da sana'ar kai. Ranar da amsa ta fito ta kira tana dariya, maganar ma ba ta fita sosai.

"Tsaya," in ji Harira. "Sun ce za su ba ki, ko sun ba ki?"

"Sun ba ni, Umma."

Harira ta rangaɗa guɗar da ta fito da matan layin ba mayafi. Ta jawo allon daga ƙarƙashin gado, duk yanar gizo, ta sa Yahya ya riƙe mata turmi. A karkace ta kafa shi, ta ce haka ma ya fi kyau. Tana saman turmin, waya a kunne, ta ce, "Kwalba nawa zan fara aikowa?"

"Umma, ni fa aikin asibiti na samu."

"Wannan na rana ne, Auta. Da yamma fa?"