Ranar da Yaya Ta Bar Tsinke Ta Gama Magana

A gidanmu babu wanda ya taɓa kai ƙarshen zancensa in Yaya tana wurin. Ita ce babbarmu, kuma tun tana ƙarama take ƙwace magana a bakin mutum ta ƙarasa masa. Da ta samu karatun likita, Baba cewa ya yi Allah ya ba majinyata haƙuri. Yanzu tana aiki a wani asibiti mai nisa, falonmu ya yi tsit, ni kuwa shekararta ta huɗu a makarantar likita nake yawan tunawa.

A makarantarsu bibbiyu ake haɗa ɗalibai, kowa da wanda zai riƙa gwaji a jikinsa, daga awon jini har neman jijiya. Abokiyar gwajin Yaya wata siririya ce da Inna ta laƙaba wa Tsinke. Kullum da la'asar suna falonmu, fararen rigunansu rataye a bayan ƙofa, warin magani ya kama labule. Tsinke hannunta da sauƙi. Yaya kuwa da ta ɗauki allura sai jijiya ta ɓace mata. Ta riga ta faɗi wannan gwajin, kuma in ta sake faɗuwa sai ta maimaita shekara.

Ana haka likitocin asibitin suka shiga yajin aiki, ɗalibai suka rabu. Wasu suka ce a ƙaurace wa ɗakunan jinya don a mara musu baya, wasu suka ce majinyata ba su yi laifin komai ba. Yaya tana shiga, Tsinke ba ta shiga. A taron aji Tsinke ta miƙe za ta yi bayani, Yaya ta katse ta da cewa wasu hutu kawai suke nema. Tun daga ranar Tsinke ta ɗauke ƙafa.

Jarrabawa ta matso, mu kuma kowa ya ɓoye hannunsa kada Yaya ta gwada allura a kansa. Kaka ta ce jijiyoyinta sun yi ritaya.

Wata la'asar Tsinke ta zo ɗaukar rigarta. Yaya ta jawo kujera ta zauna daga gefe, hannuwa a cinya, yadda aka koya musu zama in za su ji ƙorafin majinyaci.

"Me ke damunki?" in ji Yaya.

"Ni majinyaciya ce?"

"Malam ya ce a bar mutum ya gama tukuna. Ban taɓa iyawa ba. Ke ce abokiyar gwajina, a kan wa zan gwada?"

Tsinke ta daɗe a tsaye kafin ta zauna. Ta ce yayanta yana cikin masu yajin. Safar hannu ta ƙare musu, allurar wani majinyaci ta soke shi, ga shi nan yana ta shan magani cikin fargaba. Ina kallon bakin Yaya yana buɗewa yana rufewa, ƙafarta tana kaɗawa, amma ba ta tanka ba.

Da Tsinke ta gama, Yaya ta ce, "In na fahimce ki, so kike in daina shiga."

"Ba haka na ce ba, Likita. Ki shiga abinki. Ki daina kiranmu masu neman hutu."

"Na daina. A gaban aji na faɗa, a gabansu zan janye. Amma gobe zan shiga."

"Ni ba zan shiga ba."

Inna ta leƙo ta koma. Tsinke ta dubi kwalin alluran da ke kan tebur, ta ja tsaki, ta naɗe hannun riga.

"Zo, mahauciya, kafin in canja shawara."

Yaya ta ɗaure mata dantse, tana kallon fuskarta.

"Daina kallon fuskata," in ji Tsinke. "Jijiyar ba a nan take ba. Taɓa a hankali. Kin ji ta?"

Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce ta ji. Ta tura allurar, jini ya hau sirinji.