Hutun Hafsatu a Djougou

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ba ta fita raina ita ce Litinin ɗin da muka dawo hutun zango na biyu. Lokacin ina riƙe da ajin CM2 a wata lakwal, wato makaranta, ta unguwar Albarika a Parakou. Shi ne ajin ƙarshe na firamare, daga shi sai jarrabawar CEP.

A shekarar ne aka kawo mana manhajar karatu ta intanet. Kowane yaro da shafinsa, yana shiga ta wayar gidansu. In ya amsa daidai ta ƙara masa wuya, in ya kasa ta koma da shi baya. Ni kuma ina duba sakamako a kwamfutar ofis, in san wanda zan zauna da shi.

Akwai wata ɗalibata Hafsatu, yarinya mai natsuwa, amma ita da lissafin rabawa ba sa ga-maciji. Na tsara mata aikin hutu a kansa, ta tafi gidan kakanta a Djougou da wayar babarta.

Ranar Litinin direkta, shugaban makarantarmu, ya kira ni, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Wai Hafsatu ta gama lissafin firamare, ta ratsa na kwaleji, tana dambe da na lise, wato babbar sakandare. Har ya yanke a cire ta daga darasin ƙari na yamma a ba wani gurbinta. Ga shi CEP ta matso, kuma darasin nan kaɗai ne madogararta.

Na roƙe shi mu tambaye ta tukuna, muka kira ta ofis. Ashe a gidan Djougou ba a barin baƙo ya yi aiki, ko da jika ce. Ta ɗauki tsintsiya a karɓe, ta ɗauki waya ma a karɓe. Kawunta mai sayar da goro ne ya fara amsa mata tambayoyin, ya ce ba za a je Parakou a ce 'yarsu ba ta da kai ba. Da abin ya fi ƙarfinsa aka miƙa wa mai farmasi na maƙwabta, daga shi sai wani ɗan gidan da ke jami'a. Har limamin unguwa an kai wa, tunda ya saba rabon gado. Ita kuwa tana gefe ana ta ɗura mata cukun wagashi.

Muna cikin haka babarta ta iso da waya a hannu, kawun yana kan layi ransa a ɓace. Ya ce in gaya wa masu na'urar nan su ji tsoron Allah, tambayoyin da suka sa liman gumi ai ba na yarinya ba ne.

Direkta ya yi dariya har da hawaye. Hafsatu ba ta yi ba.

Ta dube ni, ta kira ni yadda suke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, har yanzu ban iya rabawa ba. Kowa ya taɓa wayar, ni kaɗai ce ban taɓa ba."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Muka goge shafin, muka mayar da ita farko, direkta ya bar mata gurbinta na yamma.

Ku sababbin malamai, ga abin da na koya. Manhaja wanda ya riƙe waya take aunawa, mutanenmu kuma ba su iya ganin nasu cikin wahala su naɗe hannu ba. Shi ya sa duk makin da kyansa ya yi yawa, sai na kira mai shi gaban allo na miƙa masa alli kafin in taya shi murna.